Fashin Baƙi: Ƙafar da ba ta jin tsinke, me ya sa take jin wuta?

Wata uku ke nan da kwanciyarsa a daren da ya tashe ni. Ƙanena ne, ɗan baffana, ɗan kabu-kabu. Mota ta kwashe shi a hanyar Wamakko, ƙashin bayansa ya karye, laka ta taɓu, daga cibiya zuwa tafin ƙafa ya daina jin komai. A asibiti da idona na ga likita yana tsikarar cinyarsa da fil, shi kuwa yana kallon silin kamar jikin wani ake taɓawa. To, wannan yaron ne ya damƙi hannuna wajen ƙarfe biyun dare, zufa na karyo masa, ya ce, "Yaya, haska min ƙahwata. Wallahi kamar an tura ta cikin rushi." Na haska. Ƙafa na nan kan katifa, sanyi ƙalau, ba kumburi, ba ƙwarzane. Na matsa babban yatsansa na ce, "Ka jiya?" Ya ce, "Ban jiya ba. Amma wutar tana nan."

Da Inna, mahaifiyarsa, ta ji labari da asuba, sai ta ɗaga hannuwa sama: "Alhamdu lillahi, jijiya ta tashi, ɗana za shi taka!" Kafin hantsi magana ta zaga unguwa, ana ta shigowa barka. Kafin mako ya zagayo kuma wasu sun soma wani zancen a bayan idonsa: ƙafar da ba ta jin allura, ta ina za ta ji wuta? Ko dai raki ne, ko kuwa akwai hannu a ciki, iska ko jifa. Fassarorin nan biyu duk sun cutar da shi. Ta farko ta ɗora masa buri mai nauyi, kullum ana jiran ranar da zai miƙe. Ta biyu ta sa ya koma cije leɓe, yana kwana da azaba ba ya faɗa, don kada a ce ya cika ƙorafi. Akwai gidaje da yawa a Sakkwato da ke cikin irin wannan ruɗani, daga waɗanda hatsarin hanyar Gusau ko Illela ya kwantar, zuwa wanda ya faɗo daga bishiya, da wanda rijiya ko gini ya rufta wa, da waɗanda harsashin 'yan bindiga ya samu a gadon baya a gabashin jihar.

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshenmu yake. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗauke da saƙo. Shi ya sa idan likita ya ce "matsalar jijiya ce", mai sauraro sai ya hango abin da ya harɗe wanda murza da man zafi za su warware. Jijiyar da ake nufi a nan ita ce ta saƙo, kuma uwarsu ita ce laka: igiya mai kaurin ɗan yatsa, tsawonta kamar santimita 45 a babban mutum, ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya ta tsaya daidai saman kwankwaso. Rassa 31 ke fita daga kowane gefenta, kusan kowanne da yankin fatar da yake kula da shi. Likitoci sun sa musu lamba: reshen C6 shi ke da babban yatsan hannu, T4 yana daidai kan nono, T10 yana cibiya. Saboda haka inda ji ya tsaya a jikin mara lafiya yakan nuna inda lakar ta samu rauni.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, ƙafa ba ita ke ji ba. Aikinta ta aika saƙo, ƙwaƙwalwa ke karantawa ta ce zafi ne, ko sanyi, ko taɓi. Kuma saƙonnin ba hanya ɗaya suke bi a cikin laka ba: zafi da sanyi da suka suna da hanyarsu ta gefe, taɓi mai laushi da sanin inda gaɓa take suna bi ta baya, umarnin motsi kuma yana saukowa ta tasa hanyar. Rauni na iya datse wata ya bar wata. Daga nan ake samun mutumin da ke jin auduga amma ba ya bambance ruwan zafi da na randa, ko mai motsa ƙafa amma bai san inda ya aje ta ba sai ya duba.

Ji yana dawowa kuwa? Yana dawowa ga mutane da yawa, amma sai an san wace irin dawowa ake magana. A kwanakin farko laka takan yi wani irin suma, komai na ƙasa da raunin ya saki ya yi laƙwas. Idan ta farfaɗo bayan kwanaki ko makonni, sai ƙafa ta soma zabura da kanta, ta harba, ta ƙage, wani lokaci ta yi ta karkarwa in an taɓa ta. A nan ne yawancin iyalai ke yin murnar da ba ta kai ba. Guntun lakar da ke ƙasa da raunin ne yake aiki shi kaɗai ba da umarnin ƙwaƙwalwa ba, kuma hakan na faruwa har ga wanda lakarsa ta datse gaba ɗaya. Dawowar gaskiya tana zuwa ne idan kumburi ya saɓe, zaren da suka tsira suka ci gaba da aiki, ko rassan da ke daidai wurin raunin suka warke. Reshen jijiya da ke wajen laka yana iya tohowa, kamar milimita ɗaya a rana. Ita lakar kanta ba ta toho irin wannan. Mafi yawan abin da zai dawo yakan dawo ne a watanni shida na farko, ya ci gaba a hankali zuwa shekara ɗaya ko da rabi, daga nan sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Akwai gwajin da ake rarrabewa da shi, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Likita zai sa mara lafiya ya rufe ido, ya bi wurare 28 a kowane gefen jiki da auduga, ya sake bi da fil, sannan ya auna ƙarfin tsoka 10 a kowane gefe. Daga ƙarshe zai duba ko akwai ji ko matsewa a dubura. Wannan ɓangaren da yawa cikinmu na jin nauyinsa, har wasu su ƙi yarda, alhali shi ne ginshiƙin gwajin, domin saƙon wurin daga can ƙarshen laka yake fitowa. Idan ya iso ƙwaƙwalwa, to akwai zaren da ya tsallake raunin. Da wannan ake sa mutum a aji, daga A, inda babu abin da ya tsallake, zuwa E, inda komai ya daidaita. Wanda ke bambance tsinin fil da gindinsa a ƙasa da raunin yana da kyakkyawan zaton samun motsi fiye da mai jin auduga kaɗai, saboda hanyar jin suka maƙwabciyar hanyar motsi ce a cikin laka. Ina roƙon duk mai jinya ya tambayi likita kai tsaye: ajin nawa yake, kuma a wace lamba raunin yake? Amsar na da amfani har a ranar da za a je wani asibitin.

Yanzu sai batun wutar. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma ciwo na yau da kullum ɗan aike ne mai gaskiya: ka taka ƙaya, ya je ya faɗa. Ciwon da ke biyo bayan raunin laka kuwa ɗan aiken ne kansa ya samu taɓuwa. Ƙwayoyin jijiyar da ke bakin raunin sukan zama masu saurin harzuƙa, suna harba saƙo ba tare da an taɓa komai ba. Birkin da laka ke da shi na danne saƙonnin da ba su da amfani ya lalace. Can sama kuma, sashen ƙwaƙwalwar da ya saba karɓar labarin ƙafa dare da rana ya wayi gari shiru, sai ya ƙara kasa kunne har ya soma ƙirƙiro nasa. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo tasha ta ɓace, ya ƙure murya yana nema, ya san ƙarar da ke fitowa: ba kowa ke magana ba, amma kunne na shan wahala da gaske. Ita ƙwaƙwalwa taswirar jiki na nan daram a cikinta, don haka sai ta rubuta wa wannan ƙara adireshi, ta ce daga ƙafa ne. Haka yake faruwa ga wanda aka yanke wa ƙafa yana jin yatsunta na masa zugi. Kusan rabin masu raunin laka suna fama da irin wannan ciwo. Wani zai ce ƙuna, wani raɗaɗi kamar an zuba barkono, wani cinnaku na yawo a ƙarƙashin fata, wani fizga kamar minjirya ta kama shi, wani kuma sanyi mai cizo kamar an tsoma shi a ƙanƙara.

Kala biyu ne. Akwai wanda ke zama daidai iyakar da ji ya tsaya, ya zagaye jiki kamar an ɗaure mutum da ɗamara. Shi yakan zo da wuri, cikin kwanaki ko makonni. Akwai kuma na can ƙasa, cikin sashen da ya mutu, wanda ke iya ɓullowa bayan watanni, wani lokaci ma bayan shekara. Ƙanena duka biyun ya haɗa, kuma na ɗamarar ya fi ba mu mamaki. A faɗin tafin hannu kewaye da cibiyarsa, fatar ta koma ba ta son komai. Zariyar wando, gefen zanen rufa, iskar fanka, hannun ɗiyarsa ƙarama idan ta rarrafo ta dafa shi, duk sai ya yi ƙara. Ranar Sallah Inna ta sa aka ɗinka masa shadda, ta sha sitaci da bugu, bai yi minti biyar da ita ba ya ce a cire, yana hawaye, ita ma ta juya baya tana share nata. Taɓin da bai kai ya yi ciwo ba, jijiyar da ta ruɗe ke kai rahotonsa a matsayin ƙuna.

To, alama ce ta warkewa ko kuwa? Ra'ayina, bayan abin da na gani da abin da likitoci suka tabbatar, shi ne kada a auna warkewa da ciwo. Gaskiya ne wasu na jin tsikari da yaji-yaji a wurin da ji ke shirin dawowa. Amma wannan wutar tana kama mai ajin A da babu abin da ya tsallake, tana kama wanda ya tashi yana tafiya da sanda. Ma'auni shi ne abin da ya zo daga waje: an taɓa ka ido rufe, ka faɗi lokacin da wurin daidai. Ana iya yin wannan a gida da auduga sau ɗaya a mako, a riƙa haɗawa da yaudara, wani lokaci a tambaya ba a taɓa ba. Fil da allura a bar wa likita, domin ƙaramin huji a fatar da ba ta ji yana iya zama gyambo. Na san kalmar "jijiya ta tashi" da kyakkyawar niyya ake faɗinta, amma idan aka maimaita wa mutum ita wata shida bai taka ba, sai ya soma ganin kamar shi ne ya gaza.

Sai dai akwai wani gefe na lamarin da ya kamata kowane mai jinya ya haddace. Idan ciwon da aka saba da shi ya tashi fiye da kullum ba dalili, sau da yawa jiki ne ke ƙoƙarin faɗin wata matsala ta hanyar da ta rage masa. Robar fitsari ta lanƙwashe ko ta toshe, ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, bayan gida ya taru ya yi tauri, gyambon kwanciya ya soma a ɗuwawu ko diddige, farce ya shige nama, takalmi ya matse. Mu sai da muka sha wahala muka gane cewa duk daren da wutar ta yi tsanani kuma ƙafa ta yi ta harbi, in muka duba fitsarinsa za mu tarar ya yi kauri yana wari. A duba waɗannan kafin a ƙara ƙwaya.

Ga wanda rauninsa ke T6 ko sama, wato daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, wannan dubawa batun rai ne. Irin waɗannan ƙananan abubuwa na iya sa jininsa ya hau farat ɗaya: kai ya sara kamar zai tsage, fuska da wuya su jiƙe da gumi, hanci ya toshe, gani ya dushe, bugun zuciya ya ragu. Da yake jinin irinsu a ƙasa yake zama, wajen 90 zuwa 110 a lambar sama ta awon jini, hawan maki 20 zuwa 40 a kan abin da ya saba ya isa zama hatsari, ko da na'ura ta nuna lambar da ba za ta tsorata wani ba. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi bayansa a miƙe, a sauke ƙafafu, a kwance duk abin da ya matse, a duba roba da mafitsara, sannan bayan gida. In jinin bai sauka cikin 'yan mintuna ba, a nufi asibiti, domin yana iya kai wa ga farfaɗiya ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Haka kuma idan iyakar ji ta soma hawa sama maimakon sauka, ko hannun da ke da ƙarfi ya soma saki, ko sabon ciwo ya ɓullo da ke tsananta da tari da atishawa, to yana yiwuwa ruwa ne ya taru ya yi kogo a cikin laka, abin da kan faru watanni ko shekaru bayan hatsari. Hoton MRI ke nuna shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da ke karɓar marasa lafiya daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma can ya kamata a kai irin wannan canji, ba a zauna jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Batun magani, nan ne aka fi asarar kuɗi da lafiya. Farasitamol da dikulofenak da ibufurofen an yi su ne don ciwon nama da ƙashi da kumburi. Suna amfani ga kafaɗar da ta gaji da tura keke da ɗaga jiki, amma ba sa taɓa wutar jijiya, kuma yawan shan biyun ƙarshe na cin ciki da ƙoda, ga mutumin da ƙodarsa take cikin barazana tun farko saboda matsalar mafitsara. Magungunan da ake farawa da su uku ne: piregabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, da gabapentin, da amitiriptilin. Biyun farko asalinsu na farfaɗiya ne, na ukun na ciwon damuwa. Na ga wanda ya karanta takardar cikin kwali ya jefar da maganin cikin fushi, wai likita ya maida shi mai tabin hankali. Ba haka ba ne; aikinsu kwantar da jijiyar da ke harbi ba dalili, shi ya sa suke shiga nan.

Ya kamata a san iyakar abin da za su yi tun farko. A wani gwaji da aka wallafa a 2006 a Ostireliya kan mutum 137 masu raunin laka, kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka sha piregabalin ne ciwonsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo. Wato nasara a nan ita ce wuta ta sauko daga takwas zuwa biyar, mutum ya samu barci, ya iya zaman keke. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an ba shi makonni kafin a yanke masa hukunci. Yana kawo jiri da barci da kumburin ƙafa, ana rage shi ga mai ciwon ƙoda, kuma ba a yanke shi dare ɗaya don kuɗi ya ƙare. Haka ma bakulofen da ake bayarwa don ƙagewar tsoka. In aljihu ba zai ɗauka ba, a faɗa wa likita ba kunya. Amitiriptilin na da araha sosai, da dare ake shan sa, sai dai yana busar da baki, ya taurara bayan gida, ya rage gumi, kuma shan sa da yawa lokaci guda na iya tsayar da zuciya, don haka a hannun mai jinya ya kamata ya zauna. Lokacin azumi kuma a zauna da likita a kan lokutan sha da yawan ruwa. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma ƙarancin ruwa ga mai robar fitsari a zafin Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne.

Mun yi kuskure guda da har yau nake jin ciwonsa. Wani abokinsa ya kawo masa tiramol daga wani kemis, irin mai ƙarfin da doka ba ta yarda da shi ba, domin abin da aka amince a sayar a Najeriya bai wuce miligiram 50 da 100 ba. Daren farko ya yi barci, muka yi ta sa wa abokin albarka. Cikin wata guda ƙwaya ɗaya ta daina isa, bayan gida ya tsaya, in bai sha ba sai hamma da gumi da faɗa da kowa. Da muka faɗa wa likita sai ya dafe kai, ya ce haɗa tiramol da amitiriptilin na iya jawo farfaɗiya. Tiramol na da gurbinsa a wannan ciwo, amma a sahu na biyu, a ƙarƙashin idon likita. Piregabalin ma ya shiga hannun 'yan shaye-shaye, don haka a kula da inda ake aje shi a gida mai samari.

Abin da ya rage, aikin hannu ne da lura. Mun yanka kwali muka yi rumfa a kan cikinsa don kada zanen rufa ya taɓa fata. Mun koma masa da riguna masu laushi da suka sha wanki, muka sauke zariya ƙasa da ɗamarar. Likitar gashi ta koya wa matarsa yadda za ta riƙa shafa wurin na 'yan mintuna kullum, a fara da auduga, in ya saba a koma tawul, har fata ta koyi haƙuri da taɓi. Dafawa da tafin hannu gaba ɗaya ta fi shafa sama-sama sauƙin ɗauka. Ana miƙe gaɓoɓi safe da yamma, ana juya shi duk awa biyu in yana kwance, in yana keke kuma ya ɗaga nauyinsa duk minti 15 zuwa 30. Sannan littafi: ɗan littafin makaranta ne, ana rubuta lambar ciwo daga 0 zuwa 10 safe da dare, da abin da ya faru a ranar. Bayan wata biyu da kanmu muka ga cewa rashin barci, da daɗewa a zaune, da ranar da aka yi cacar baki a gida, su ke hura wutar.

Yanayin garin nan ma abokin gaba ne ta fuska biyu. A bazara, lokacin da zafi ke wuce maki 40 a Afrilu, mai rauni a sama ba ya gumi a ƙasa da raunin, jikinsa na ɗaukar zafin ɗaki kamar tukunya. Sai an riƙa yayyafa masa ruwa da jiƙaƙƙen zane a wuya. Ƙarfen keken da ya sha rana ma yana ƙona cinya ba a sani ba. A hunturu kuma ciwon kan tashi, sai tausayi ya sa a matso da kaskon wuta kusa da ƙafa, ko a yi gashi da tafasasshen ruwa. Ƙafar da ke kukan wutar da babu ita ba za ta ji ta gaske ba, sai dai a ga fata ta saluɓe. Don haka nake roƙon wanzamai da masu ɗori, waɗanda nake girmama sana'arsu a inda ta dace, su ɗaga hannu daga wannan: tsaga da ƙaho da lalas a fatar da ba ta ji ƙofar gyambo ne, ja da murɗa bayan da ya karye kuwa na iya ƙarasa zaren da suka tsira. Masu tallar allurar ƙwayoyin halitta, wadda ake kira "stem cell", a intanet da ke sa a sayar da gona a tafi ƙasar waje su ma a yi hattara da su. Aikin yana matakin bincike, ba a tabbatar da cewa yana haɗa lakar da ta datse ba.

Zuciya kuma tana da hannu a ciki, ba don ciwon ƙarya ne ba, sai don ita ƙwaƙwalwar da ke ƙirƙiro shi ita ce ke ɗauke da tsoro da baƙin ciki. Magidancin da jiya shi ke ciyar da gida, yau sai an juya shi, in aka bar shi shi kaɗai a ɗaki da silin, wutar ce kawai abokiyar hirarsa. A fito da shi zaure, a ba shi abin yi da hannunsa, a riƙa shawara da shi a kan harkar gida kamar da. In ya daina cin abinci, ya daina magana, ko ya soma cewa gwamma ya huta, a ɗauki maganar da gaske a faɗa wa likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Masu zuwa dubiya kuma, "ya jiki?" ta wadatar. "Har yanzu ba ka taka ba?" tana kwana da mutum.

Ƙanena ya daɗe yana damuwa da sallarsa, har wani malami ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya kuma koya masa addu'ar da aka koya wa Usmanu ɗan Abil Asi: a dafa inda ke ciwo, a yi bisimilla sau uku, a nemi tsarin Allah da ikonsa sau bakwai daga sharrin abin da ake ji da abin da ake tsoro. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ina zan dafa? Ƙahwar da ke ciwo ba ta san hannuna ba." Malam ya ce ya dafa inda ya ji ciwon yake. Yana dafa gwiwa.

Shekara biyu ke nan yanzu. Audugar da a da take ɓacewa a kan cibiya, yau yana jin ta yatsu uku a ƙasa, a gefen dama kaɗai. Ƙafar ba ta motsa da umarninsa ba. Yana zama a ƙofar gida da na'urar cirar kuɗi daga hantsi zuwa la'asar, matashi biyu a ƙarƙashinsa. A littafin, yawancin darare huɗu ake rubutawa, wani lokaci biyar. Daren jiya ya ce bakwai, matarsa ta ɗauki tocila ta bi robar daga sama har jaka, ta tarar ta naɗe a ƙarƙashin cinyarsa.